Inshorar lafiya mai tallafi a Amurka: yadda mai sana'ar kansa zai zaɓa ba tare da ya haƙa wa kansa rami ba

Duk shekara idan Nuwamba ta kama, hirar da ake yi a filin ajiye motoci na masallacinmu bayan sallar Juma'a takan sauya. A ajiye zancen canjin dala da kuɗin tura mota Kwatano, a koma kan inshorar lafiya. A Nuwamban 2025 wani ƙanenmu direban Uber, mai mata da 'ya'ya biyu, ya tare ni tun ban gama sa takalmi ba, ya miƙo min wayarsa. "Yaya, duba min wannan. Sun ce ko sisi ba zan biya a wata ba. Ai shi ke nan ko?" Na ja shafin ƙasa kaɗan, na nuna masa wata lamba da idonsa ya tsallake: dala 7,500. Wannan shi ne abin da sai ya kashe daga aljihunsa kafin kamfanin ya fara sa hannu a yawancin jinya. Ya yi shiru, can ya ce, "To me na saya ke nan?"

Tambayar tasa ta fi ƙarfin amsar tsaye a bakin mota. A Amurka yawancin waɗanda ba su kai shekara 65 ba ta wurin aikinsu suke samun inshora, kamfani ya biya kaso mai tsoka, a yanki saura a albashi. Mai sana'ar kansa ba shi da wannan gatan. Direbobin Uber da Lyft, masu manyan motocin dakon kaya, mata masu shagon kitso, masu sayen motocin gwanjo su tura gida irina, kowa shi ne uban gidan kansa, shi ne kuma yaron kansa. Mutanenmu da yawa a nan suke, daga 'yan zangon Gana da ke Bronx zuwa 'yan Nijar na Greensboro, zuwa mu da muka fita daga tsakiyar birane muka koma unguwannin kewayen Hustan da Atlanta da Washintan saboda sauƙin haya da makarantun yara. Don irinmu aka buɗe kasuwar inshora ta gwamnati, ƙarƙashin dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2010, wadda kowa ke kira Obamacare. Kasuwar ta fara rajista a Oktoban 2013, kuma a 2025 mutum sama da miliyan 24 ne suka sayi inshora ta cikinta. Jihohi da yawa, har da Tekzas da Karolina ta Arewa, suna amfani da shafin HealthCare.gov, wasu kuma irin su Niyok da Merilan da Kalifoniya da Jojiya suna da nasu shafin.

Kowane tsari da ake sayarwa a kasuwar nan dole ya karɓe ka ko da kana da ciwon suga ko hawan jini ko sikila, kuma ba a ƙara maka kuɗi saboda ciwon. Dole ya ƙunshi kwanciya asibiti, haihuwa, magunguna, gwaje-gwaje, lafiyar ƙwaƙwalwa, sannan allurar rigakafi da binciken lafiya na shekara su kam ba ka biyan komai a kansu. Abu huɗu kawai ke motsa farashi: shekarunka, inda kake zaune, ko kana shan taba, da yawan mutanen da ka sa. Dattijo ɗan shekara 64 ana iya cajinsa ninki uku na ɗan shekara 21, ba fiye ba. Na san akwai masu ƙyamar inshora ta fuskar addini, malamai kuma sun yi saɓani a kai; wannan sai mutum ya zauna da malamin da ya yarda da shi. Abin da zan ce kawai, a ƙasar da kwana uku a gadon asibiti zai iya cinye abin da ka tara a shekara uku, lalurar a fili take.

Yadda ake lissafa tallafin

Mutane da yawa suna ɗauka gwamnati tana biyan rabin kuɗin ko wani kaso tsayayye. Lissafin ta baya yake farowa. Ana fara duba abin da kake samu a shekara, a gwada shi da ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya, sannan a ce maka: kai ga abin da ya kamata ka iya biya. Ma'aunin da aka yi aiki da shi don inshorar 2026 shi ne dala 15,650 ga mutum ɗaya, a ƙara dala 5,500 kan kowane mutum, wato dala 32,150 ga gida mai mutum huɗu. Wanda ke ƙasa-ƙasa ana sa ran ya biya kashi 2.1 cikin ɗari na samunsa, abin yana hawa har ya kai kashi 9.96 ga wanda ya ninka ma'aunin sau uku zuwa huɗu.

Sai a ɗauko tsari ɗaya a yankinka a mai da shi ma'auni: na biyu a araha cikin tsare-tsaren azurfa, wato rukunin Silver da za mu zo kansa a gaba. Abin da ya rage tsakanin farashinsa da kason da aka yanka maka, shi ne tallafinka. Mu ɗauka gwauro ne mai samun dala 31,300, ninki biyu na ma'aunin talauci ke nan cif. Kasonsa kashi 6.6, kusan dala 172 a wata. Idan wancan tsarin azurfa dala 600 ne, tallafinsa dala 428. Wannan 428 ɗin tamkar takardar kuɗi ce a hannunsa, ya kai ta inda ya ga dama a cikin kasuwar. Ya kai ta kan tsarin dala 450, ya cika 22. Ya kai ta kan na 640, ya cika 212. Daga nan ne "inshorar kyauta" ke fitowa: tallafin ya haɗiye farashin tsari mafi araha gaba ɗaya.

Daga 2021 zuwa 2025 an yi wata garaɓasa. Dokar farfaɗo da tattalin arziki bayan korona ta ƙara tallafin, ta ce ba wanda zai biya fiye da kashi 8.5 komai yawan samunsa, masu ƙaramin ƙarfi kuma ba sa biyan komai a tsarin ma'aunin. An tsawaita ta a 2022 zuwa ƙarshen 2025. Rigimar sabunta ta ce ta tsayar da ayyukan gwamnatin tarayya kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025, kuma wa'adin ya cika ranar 31 ga Disamba ba a sabunta ba. Duk wanda ya saba da farashin waɗancan shekarun, ya goge shi a kansa.

Lambar da za ka rubuta

Akwai akwati ɗaya a takardar neman inshorar da ya fi duk sauran nauyi: nawa kake sa ran samu a shekara mai zuwa? Mai albashi ya duba takardar albashinsa ya rubuta. Mu kuwa sai dai kintace, alhali ba wanda ya san abin da gobe za ta haifa. Wata uku kasuwa ta buɗe, wata biyu mota tana gareji, ga tafiya gida ta taso.

Kuskure na farko, rubuta duk kuɗin da ya shigo. Riba ake tambaya, bayan an cire kuɗin da sana'ar ta ci. Mun zauna da ƙanen nan a falona da takardunsa na shekarar. Abin da manhajojin suka tura masa banki ya kai dala 70,000. Ya yi tafiyar mil 40,000 ta aiki, hukumar haraji ta IRS kuma ta yarda a cire santi 70 kan kowane mil a 2025, dala 28,000 ke nan. Saura 42,000. Daga nan a cire rabin harajin mai sana'ar kansa, wanda jimillarsa kashi 15.3 ne, ya tashi kusan dala 3,000. Sai ga shi a wajen 39,000. Da 70,000 ya rubuta, da ya ninka ma'aunin talauci fiye da sau biyu, ya rasa mafi kyawun rangwame. Da 39,000 kuwa kashi 121 ne kacal na ma'aunin, kasonsa na wata bai kai dala 70 ba.

Kuskure na biyu ya fi yawa a cikinmu, kuma sai an faɗi gaskiya. Mutum ɗaya, lamba uku. Ranar haraji yana so ya zama talaka tilis, a cire har man da aka sha zuwa ɗaurin aure. Ranar neman bashin gida yana so ya zama attajiri. Ranar da zai cike takardar ɗaukar nauyin matarsa don ta zo daga gida, dole ya nuna samun da ya kai kashi 125 na ma'aunin talauci. Takardar haraji kuwa ɗaya ce, kuma duk ofisoshin nan ita suke karantawa. Inshorar lafiya ta ƙara nata tarkon: a jihohi irin su Tekzas, wanda ya matse ribarsa har ta faɗi ƙasa da ma'aunin talauci ba ya samun tallafi kwata-kwata.

Abin yana da asali. Dokar ta tsara cewa masu samun ƙasa da kashi 138 na ma'aunin za su shiga Medicaid, inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi, kasuwa kuma ta ɗauki na sama. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce ba za a tilasta wa jihohi faɗaɗa Medicaid ba. Jihohi 40 da birnin Washintan sun faɗaɗa, Karolina ta Arewa ta shigo a Disamban 2023, goma kuma sun ƙi, cikinsu akwai Tekzas da Fulorida da Jojiya da Tenesi. Ƙanen nan da 39,000 ɗinsa, da a Merilan yake ko Greensboro, Medicaid za a ba shi da matarsa. A Tekzas inda yake, kasuwa ce tasu, yaran ne kawai suka faɗa Medicaid na yara. Da kuma ya sauka ƙasa da 32,150, shi da matarsa sun rasa tudun dafawa: sun fi ƙarfin Medicaid, ba su kai tallafi ba. Doka ta yi sassauci ga wanda ya yi kintace da zuciya ɗaya ya haura layin, shekara ta juya masa baya ya faɗo ƙasa. Ba a karɓe abin da aka riga aka biya masa. Wanda ya ƙirƙiri lamba da gangan, wannan sassaucin bai shafe shi ba.

A can sama ma akwai gaɓa mai zurfi. Da zarar ka haura ninki huɗu na ma'aunin ko da dala ɗaya, tallafi ya zama sifiri. A inshorar 2026, ga mutum ɗaya layin yana dala 62,600, ga mata da miji 84,600, ga mutum huɗu 128,600. Mu ɗauka Alhaji da Hajiya 'yan shekara 60 masu shagon kayan abinci na gida, sun rubuta 84,000. Kasonsu kusan dala 700 a wata. Idan tsarin ma'auni na su biyu dala 2,200 ne, gwamnati na biya musu 1,500 duk wata, 18,000 a shekara. Kasuwar azumi ta yi kyau, shekara ta ƙare a 85,000. Ribar dubu ɗaya ta jawo bashin dubu goma sha takwas.

Domin tallafin nan kafin alƙalami ne. Ana biyan kamfanin inshora duk wata bisa kintacenka, sai lokacin haraji kasuwar ta aiko maka takarda mai lamba 1095-A, ka cike fom 8962, a gwada abin da aka biya da abin da ka cancanta. In an rage maka, a cika maka. In an yi maka ƙari, ka mayar. Na taɓa ɗanɗana wannan wata shekara da motoci suka yi ta fita fiye da zatona, ban koma na gyara lambar ba. Mai yi min haraji ya juyo da fuskar kwamfuta ya nuna min, kuɗin da nake jira a mayar min ya koma kuɗin da ake bina. Na ma ci sa'a, a lokacin akwai iyakar abin da za a karɓa daga wanda bai haura ninki huɗu ba. Dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta cire wannan iyakar daga shekarar haraji ta 2026. Duk abin da ya hau kanka, sai ka biya shi cif.

Maganin ba wuya, naci kawai yake so. Duk bayan wata uku, lokacin da kake biyan harajin kintace, ka tara abin da ya shigo da abin da ya fita, ka shiga shafin ka gyara lambar in ta kauce. Wanda samunsa ke hawa da sauka sosai yana iya cewa a riƙa biya masa wani ɓangare kawai na tallafin, ya karɓi cikon a ƙarshen shekara. Wanda kuma ke dab da gaɓar ninki huɗu yana da hanyoyi na halal da zai sauko: kuɗin da ya zuba a asusun ritaya na masu sana'ar kansu, ko asusun ajiyar kuɗin lafiya na HSA, ana cire su daga lambar. Kuɗin da ka tura gida wa Inna ko na ginin da kake yi a Maraɗi ba a cirewa, komai yawansa.

Sai girman gida. Wanda ke cikin takardar harajinka shi ne iyalinka a idon kasuwar. 'Ya'yan da ke Kano ko Damagaram, in ba 'yan ƙasar Amurka ba ne, galibi ba sa shiga lissafi ko da kai ke ci da su. Ma'aurata kuma da suka cike haraji kowa daban sukan rasa tallafin baki ɗaya, in ban da wasu 'yan togaciya. Mai mata a gida ya zauna da ƙwararren haraji kafin ya taɓa wannan akwatin. In kuma Hajiya tana aiki a gidan kula da tsofaffi ko asibiti, wurin aikinta ya ba da inshorar iyali da bai wuce kashi 9.96 na samun gidan ba a 2026, to ƙofar tallafi ta rufe ga duk wanda tayin ya shafa, ko kun karɓa ko ba ku karɓa ba.

Tagulla, azurfa, zinariya

A shafin za ka ga an kasa tsare-tsaren da sunayen ƙarafa: Bronze, Silver, Gold da Platinum. Sunan bai da alaƙa da kyawun likita. Yana nuna yadda ake raba kuɗin jinya ne a jimlace: na tagulla kamfani na ɗaukar kusan kashi 60, na azurfa 70, na zinariya 80, na ƙarshen 90.

Lamba uku ya kamata ido ya tsaya a kansu bayan kuɗin wata. Ta farko didoktibul, kuɗin share fage da kake kashewa kafin kamfani ya shigo. Ta biyu abin da kake biya duk ganin likita ko karɓar magani, wani lokaci tsayayyen kuɗi, wani lokaci kaso. Ta uku, wadda na fi ba muhimmanci, rufin asara: iyakar abin da za ka kashe a shekara, daga nan kamfani ya ɗauki komai. A 2026 doka ba ta yarda rufin ya wuce dala 10,600 ga mutum ɗaya ko 21,200 ga iyali ba. Ka ninka kuɗin wata sau 12, ka tara da rufin nan, ka ga abin da mummunar shekara za ta ci maka. Ka yi wa tsari biyu ko uku wannan lissafin, za ka ga mai arahar ya sauya kama.

Ga wanda samunsa bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci ba, ni ban ga wata doguwar shawara ba: azurfa. Akwai rangwame na biyu da mutane da yawa ba su san da shi ba, kuma a kan azurfa kaɗai yake sauka. Wanda ke tsakanin kashi 100 da 150 na ma'aunin, azurfarsa tana komawa mai ɗaukar kashi 94, ta fi mafi tsadar tsari a kasuwar. Daga 150 zuwa 200, kashi 87. Daga 200 zuwa 250, kashi 73, wanda bai taka kara ya karya ba. Didoktibul ɗin dubbai yakan dawo 'yan ɗaruruwa, wani wurin ma babu, rufin asara kuma ya sauko kusan kashi ɗaya cikin uku. Mutumin da ya cancanci wannan ya je ya ɗauki tagullar kyauta, ya bar sa ya kama kaza. Araha ba ta ado.

Wanda ya haura nan kuwa, ya leƙa zinariya kafin ya yanke. A 2017 gwamnatin tarayya ta daina biyan kamfanoni kuɗin wancan rangwame na biyu, doka kuma ba ta sauke musu nauyin bayar da shi ba, sai suka ɗora kuɗin a kan farashin azurfa. Tunda da azurfa ake auna tallafi, tallafin kowa ya ƙaru. Shi ya sa a wurare da yawa, har da Tekzas, za ka tarar da zinariya ta yi kunnen doki da azurfa a farashi, ko ma ta fi ta araha. Tagulla tana da masu ita: matashi lafiyayye da ke da ajiyar da zai iya biyan didoktibul ba tare da ya sayar da motar sana'arsa ba. Daga 2026 duk tagullar kasuwar ta halatta a haɗa ta da asusun HSA, inda a shekarar mutum ɗaya zai iya zuba har dala 4,400, iyali 8,750, ba haraji. Amma tagulla ba ajiya, katin nunawa ne kawai a aljihu.

Zaman kewayen birni

Mu da ke wajen gari muna da wata matsala da mazaunin tsakiyar birni bai cika sani ba. Ana sayar da tsare-tsaren nan gunduma-gunduma ne. Garin Katy da ke yammacin Hustan ya ratsa gundumomi uku, Harris da Fort Bend da Waller. Mutum biyu da ke sallah a sahu ɗaya suna iya buɗe shafin su ga jerin kamfanoni daban. Kada ka ɗauki tsari don maƙwabcinka a masallaci ya yaba shi. A kewayen Washintan abin ya fi haka: mazaunin Merilan da na Bajiniya, tafiyar minti ashirin a tsakaninsu, kasuwa daban, dokar Medicaid daban.

Sannan kowane tsari yana da da'irar asibitoci da likitocin da ya yi yarjejeniya da su. Yawancin na kasuwar nan nau'in HMO ne ko EPO, waɗanda ba sa biyan ko sisi in ka fita da'irar, sai dai a gaggawa. HMO kuma yakan so sai likitanka na farko ya tura ka kafin ka ga ƙwararre. Rayuwar ɗan kewayen birni kuwa a warwatse take: gida a wata gunduma, likitan yara a wata, babban asibitin ƙwararru a tsakiyar birni. Wata shekara na koma tsarin da ya fi araha da dala 40 a wata, shafin kamfanin ya nuna likitar 'yata tana ciki. Ranar da muka je, matar da ke karɓar kati ta juya shi gaba da baya ta ce kamfanin suna karɓa, amma wannan tsarin nasa na kasuwa ba sa karɓa. Tun daga nan na koyi kiran ofishin likita da kaina, in karanta musu cikakken sunan tsarin harafi-harafi. Haka magani: mai shan na suga ko na asma kullum ya nemi jerin magungunan tsarin ya ga a wane mataki nasa yake.

Direban babbar mota mai tsallaka jihohi ya sani cewa a gaggawa duk inda ya faɗi za a karɓe shi a caje shi kamar yana cikin da'ira. Dokar hana cajin ba-zata ta fara aiki a Janairun 2022. Motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa ce dokar ba ta rufe ba. Zuwa ganin likita na yau da kullum kuwa sai ya dawo gida. Mai tafiya hutu Najeriya ko Nijar, ko aikin Hajji, kada ya dogara da katin nan. Da wuya ya yi aiki a wajen Amurka.

Takardu, dillalai da ranaku

Sai mai zama bisa doka ke iya saye a kasuwar. Dokar Yulin 2025 ta ƙara matse tallafin: daga 2026 baƙon da samunsa bai kai ma'aunin talauci ba, wanda kuma bai cika shekara biyar ɗin jiran Medicaid ba, ya rasa tallafin da a da ake ba shi. Daga 2027 kuma, cikin waɗanda ba 'yan ƙasa ba, masu girin kad, wato katin zaman dindindin, da wasu rukunoni ƙalilan ne kawai za su ci gaba da samu. Masu neman mafaka da 'yan gudun hijira ba sa cikin waɗannan rukunonin. Wannan zai taɓa gidaje da yawa a cikinmu.

Dillalin inshora ba ka biyansa, kamfani ke ba shi la'ada, kuma akwai na kirki da yawa. Amma a 2024 hukumar da ke kula da kasuwar ta dakatar da ɗaruruwan dillalai saboda sauya wa mutane tsari ko yi musu rajista ba da saninsu ba. Tallan da ke yawo a Facebook cewa gwamnati na raba katin dubban daloli na cefane, ƙofar wannan damfarar ce. Kada ka ba kowa lambarka ta soshiyal, wadda gwamnati ke shaida ka da ita wajen aiki da haraji, a waya. Ka buɗe asusun da kanka, ka riƙe kalmar sirrinka, in dillali ya cike maka ka karanta lambar samun da ya rubuta da idonka, domin kai hukumar haraji za ta nema. Akwai kuma masu sayar da inshorar gajeren zango da ƙungiyoyin karo-karon jinya masu kama da inshora. Suna iya ƙin biyan ciwon da ka zo da shi, kuma tallafi ba ya hawa kansu.

Rajista tana buɗewa 1 ga Nuwamba. Ranar rufewa tana bambanta daga jiha zuwa jiha kuma ana sauya ta, amma wanda ya gama kafin 15 ga Disamba a HealthCare.gov inshorarsa za ta fara 1 ga Janairu. Bayan an rufe sai da dalili, kamar haihuwa, aure, ƙaura ko rasa wata inshorar, kuma kwana 60 ake ba ka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ciwo ba ya cikin dalilan. Kada kuma ka bar shafin ya sabunta maka da kansa, domin tsarin ma'auni yana sauyawa duk shekara, tallafinka ya bi shi. Sai ka biya kuɗin watan farko inshorar ke fara aiki. In ka makara daga baya, mai tallafi yana da wata uku na alfarma, amma sai ya biya duk bashin kafin su cika, in ba haka ba a yanke shi.

Ƙanen nan dai azurfa ya ɗauka, bayan mun kira asibitin da matarsa ke zuwa awo sun tabbatar suna karɓar tsarin. Na ba shi wani ƙaramin littafi ya ajiye a aljihun mota yana rubuta mil da kuɗin kowane mako. Ana cikin Afrilu ya kira ni da dare. Ya samu wani kamfanin kai kayan asibiti da zai riƙa yi musu safara da asuba, abin zai ƙara masa kusan dala dubu a wata.

"Yaya, in faɗa musu, ko in bari sai ƙarshen shekara?"

Na ce ya ɗauko littafin. Muka lissafa wata tara, muka cire mil, lambar ta tsaya a wajen 46,000, ƙasa da layin kashi 150 da ke dala 48,225. Rangwamensa na nan, kuɗin wata ne zai ninka.

"Buɗe shafin yanzu," na ce, "ina kan layi."